Tulun da Ya Ci Jinkar Gwaggo

Jiya da hantsi jikata ta dawo daga kasuwa da sabon tulu a ka. Kafin ta sauke shi na miƙa hannu na ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa. Ban yi niyya ba, hannun ne ya tafi da kansa. Tulun ya amsa da siririyar murya mai tsawo, irin ta abin da ya sha wuta ya ƙoshi. Ina jin wannan ƙara sai na ga ba a gidan nan nake ba. Ina can ƙauyenmu, tsakanin Tasawa da Kanan Bakashe, ƙafafuna cikin yumɓu har idon sawu, wata tsohuwa tana yi mini faɗa.

Ku da kuke karanta wannan, bari in gaya muku tun yanzu: ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Baƙi ko ɗaya ban sani ba. Jikar nan tawa ce ke riƙe da bik, ina faɗi tana rubutawa. Amma kada wani ya ce ban yi malami ba. Na yi malama, kuma in za a jera malaman duniya a rana, tawa ba za ta tsaya a baya ba.

Duk gari Gwaggo ake ce mata, har mai gari. Maginiyar tukwane ce, gajeruwa, baƙa, mai faɗin tafin hannu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƴaƴan da ta haifa kuma ba su zauna ba. Gidanta na ƙarshen gari ta gabas, ɗaki ɗaya na jinka da rumbu ɗaya, sai tukwane ko'ina, manya da ƙanana, a kife kamar tumaki sun kwanta.

Yadda na faɗa hannunta abin dariya ne. A zamanin nan, in kaka ta yi, mushe, wato malamin lakwal, yakan zo daga Tasawa tare da gardi, dogarin gwamnati, a kan doki, su zauna ƙofar mai gari su rubuta yaran da za a kai lakwal. Iyayenmu kuwa gani suke duk wanda aka rubuta an ɗauke shi ke nan. Sai ka ga gari ya yi tsit, ba yaro ko ɗaya. Wasu na cikin rumbu, wasu na ƙarƙashin gado, wasu an tura su daji da awaki. To gardin ya riga ya gane zancen rumbu, can yake fara leƙawa. Saboda haka uwata ta ja ni da gudu ta bayan gari, ta kai ni gidan Gwaggo. Gwaggo ta ɗaga ni kamar ƴar kaza, ta zura ni cikin wata ƙatuwar randa, ta rufe da faifai.

Har yau ina jin ƙamshin cikin randar nan, sanyi-sanyi, kamar ƙasa in an yi yayyafin farko. Ina tsugune na ji takun gardi ya shigo. Yana tafe yana bugun tukwane da gindin bulalarsa, kowace tana amsa masa da ƙara. Da ya zo kan tawa ya buga, sai ta ce dum, don ina ciki.

Ya ce, "Gwaggo, wagga fa? Mi ya sa ba ta magana?"

Ta ce, "Tsagaggiya ce, ranka ya daɗe. Saura ƙiris ta zube. In ka sake taɓa ta, ka saye ta."

Bai sake taɓawa ba. Da ya tafi ta buɗe faifai, ta dube ni, fuskarta ba alamar dariya. Ta ce, "Tun da nake gini ba a taɓa jin na ce abin hannuna ya tsage ba. Yau na yi wa randata ƙazafi saboda ke. Gobe da safe ki zo ki taka mini yumɓu, ki wanke mata suna."

Lakwal ɗina ke nan. Ban ce iyayenmu sun yi daidai da suka ɓoye mu ba, ga shi yau sai an riƙe mini bik. Amma abin da ya faru ke nan, kuma ni na faɗa hannu nagari.

Na daɗe ban taɓa gini ba. Aikina taka yumɓu, dakan tsingaro har ya zama gari, tankaɗe shi, tsintar kashin jaki a hanyar rijiya, ɗauko ƙaiƙayi daga masussuka. Duk waɗannan ake cuɗawa da yumɓu don kada tukunya ta fashe a wuta. Ita kuwa tana zaune gaban wani ɗan rami da aka shimfiɗa wa tsohuwar tabarma. Ta sa curin yumɓu a ciki, ta ɗauki wani dunƙule gasasshe mai kamar gajeruwar taɓarya, tana dandaƙa tana juyawa, tana dandaƙa tana juyawa. Kana kallo cikin tulu zai taso kamar ana hura shi. In ya sha iska ta ɗora masa wuya, ta shafe shi da jar ƙasa, ta goge da tsarkiyar ƴaƴan kuka har ya riƙa ƙyalli.

Da ta bar ni na fara, sai na fara da kasko, daga nan ƴar tukunyar miya. Ni kuwa Allah ya yi ni da sauri. So nake in gama in nuna. Shi ya sa ta raɗa mini Uwar gaggawa, sunan da ya bi ni har gidan miji. In na gama abu na shanya ya bushe, sai ta ɗaga shi, ta auna nauyinsa a hannu, ta shafa cikinsa da babban yatsa, ta kara shi a kunne ta ɗan ƙwanƙwasa. Daga nan ta taka a hankali zuwa ramin da muke jiƙa yumɓu, ta sake shi ciki. Ba ni take yi wa magana ba, tukunyar take yi wa. Sai ta ce, "Koma gida ki sake shiri."

Na sha kuka a bakin ramin nan. In na yi kukan na gaji, sai in ga an ajiye ƙanzo ko ƴar goriba a gefena, ita kuma tana can tana dandaƙa kamar ba ta san ina duniya ba. Ban taɓa jin ta ce abu ya yi kyau ba. Amma ranar da wata mata ta zo sayen tukunya ta ce mini kucaka, Gwaggo ta karɓe tukunyar daga hannunta ta ce ba ta sayarwa ba ce. Ita kaɗai ke da izinin zagina. Ranar Juma'a ba ma gini, sai ta sa kaina a cinyarta ta yi mini kitso da hannuwan nan nata masu kaushi, tana ja tana cewa kaina ya fi yumɓun rani tauri.

Akwai wata al'ada a gidan da Gwaggo ta koyi gini, kuma ita ce kan labarin nan. Yarinya ba ta zama maginiya sai ta yi tulu da hannunta tun daga haƙar yumɓu har ɗora wuya, an gasa shi, ta ɗebo ruwa a ciki, uwar ɗakinta ta sha a gaban mata. Wannan shi ne sallama. In ba a sha miki ba, ko kin fi kowa iyawa ke ƴar taka yumɓu ce. A kasuwa in mata sun ga sabuwar fuska a bayan tukwane, tambayar farko ita ce, wa ya sha miki? Ni kuwa duk tulun da na gina, rami yake komawa.

Ana cikin haka ruwa ya fara ɗaukewa. Ba rana ɗaya ya ɗauke ba. Bana a yi kaɗan, baɗi a yi wanda bai kai shi ba. Sai aka zo shekarar da gero ya tsaya a gwiwa ya bushe a tsaye. Makiyaya suka gangaro daga arewa da sauran dabbobinsu, shanu ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Mu kuma muka koma wa anza, ƴaƴan wani itacen daji masu ɗaci, a jiƙa a zubar, a jiƙa a zubar, kafin ɗacin ya fita. Muka sussuka ƙarangiya, muka tona gidan tururuwa. Ba zan tsaya kan wannan ba, wanda ya gani ya sani. Abin da nake so ku riƙe shi ne, har a lokacin ana dariya. Mata na layin rijiya suna tsokanar juna a kan wadda zanenta ya fi yi mata yawa.

Da bazara rediyon mai gari ta ce soja sun karɓi mulki. Ba mu san mi ke nan ba, sai da muka ga kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo gari da buhunan wata jar dawa da ba mu taɓa gani ba. Tuwonta ja wur. Gwaggo ta duba ta ce in ba a ci ba za ta shafe tulu da shi. Dawar ta taimaka, amma ba ta kai ko'ina ba. Ubana ya tara mu ya ce za mu bi mutane kudu, mu tsallaka iyaka wajen danginsa, da zarar sabon wata ya tsaya. Ba wanda ya san ranar dawowa, ko ma za a dawo.

Abin da ya tsaya mini a rai ba yunwa ba ce, Allah ya gafarta mini. Tulu ne. Zan tafi ba a sha mini ba. Shekarun nan duka na taka yumɓu, in tafi wata ƙasa a matsayin ƴar taka yumɓu. Ga Gwaggo ta tsufa, ta ce ita ba inda za ta, kabarin mijinta da na ƴaƴanta na nan. In na tafi haka, wa zai sha mini?

Ga shi kuma Gwaggo ta daina gashi. Gashin tukwane da kara ake yi da busasshen kashin shanu da ciyawa. To karan an daddatsa wa dabbobi sun cinye, shanun sun mutu, ciyawa kuwa ko ta sakace babu. Tukwanenta ɗanyu suna jere a ɗaki tun sanyi, ba wuta.

Na je na same ta na faɗa mata maganar ubana. Ta ci gaba da aikinta har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "To mi kike jira, Uwar gaggawa? Yau ne kika ga damar yin sanyi? Ɗauki kwando."

Tabkin da muke haƙar yumɓu ya bushe ya tsattsage, har ƙafa na faɗawa cikin tsagar. Haƙa ba wuya. Wuyar ita ce ruwan jiƙo. Rijiya ta yi zurfi, igiya sai an ƙulla mata wata, kowane gida da ɗan abin da yake samu. Uwata ba za ta ba ni ruwan sha in zuba wa ƙasa ba, kuma da gaskiyarta. Amma kullum na je sai in tarar da yumɓuna a jiƙe, an rufe da tsumma. Sai daga baya na lura Gwaggo ta koma taimama, tana buga tafi a ƙasa in za ta yi salla, leɓenta kuma ya bushe har ya dare.

Wannan tulu na gina shi kamar ina ɗauke da jariri. A karo na farko ban yi sauri ba, ga shi kuma a lokacin ne ya kamata in yi sauri, don wata na ta ƙarewa. Ina dandaƙa ina saurare. Sai na ji abin da ta daɗe tana ji: inda ya yi kauri muryarsa daban, inda ya yi daidai muryarsa daban. Ita tana gefe tana gyaran tsohon faifai, wai ba ta kallo. Na ɗora wuya, na shafe, na goge. Muka shanya shi cikin ɗakinta, a inuwa.

Da ya bushe ta ɗaga shi. Ta auna, ta shafa, ta kara a kunne. Ta taka zuwa ramin jiƙo, ni kuwa ina biye da ita. Ta tsaya a baki ta leƙa. Sai ta ce wa tulun, "Ramin ya bushe. Ka tsira." Ta dawo da shi ta ajiye cikin nata.

Saura wuta. Muka yi yawon daji ni da ita, muka dawo da abin da bai cika kwando ba. Tulu kuma ba a gasa shi shi kaɗai, sai cikin ƴan uwansa, don su riƙe wa juna zafi. Ke nan wutar babba ake so. Gwaggo ta zagaya rumbunta na kara, wanda ya daɗe ba ko zangarniya a ciki. Ta ce rumbun da ba hatsi ai itace ne. Muka rushe shi muka kai matoya, can bayan gari inda ake gashi. Ta dubi tarin ta girgiza kai. Bai isa ba.

Washegari ta tafi gindin bishiyar da maza ke zama, ubana na cikinsu. Ta ce su zo su sauke mata jinka. Kun san jinkar ɗakin da, ɗungurungum ake ɗaga ta, maza su kewaye su sa kafaɗa. Suka ɗauka gyara za ta yi, har suna mamakin inda ta samu shuci a wannan shekara. Suka ɗaga da kirari da barkwanci, suka sauke a tsakar gida. Sai ta nuna musu hanyar matoya ta ce, "Can za ku kai."

Kowa ya tsaya. Ubana ya ce, "Haba Gwaggo! Ina za ki kwana?"

Ta ce, "Inda na saba. Jinka na ce, ban ce gado ba."

Ya ce, "Damina fa in ta zo?"

Ta ce, "Wace damina? Shekara nawa ina zaune ƙarƙashin jinkar ga ina jiran ta? Ku ɗauka, ko in ɗauka da kaina ku sha kunya."

Ubana ya juyo ya dube ni. Shi dama kullum cewa yake wasan laka nake yi. Ya ce a hankali, "Duk saboda tulun yarinyar ga?" Gwaggo ta ce, "Wa ya ce saboda ita? Tukwanena ne suka gaji da zama." Suka ɗauka. Ban taɓa ganin jinka tana tafiya bayan gari ba sai ran nan, ƙafafun maza kawai ake gani a ƙarƙashinta, yara na bi suna tafi.

Da la'asar, da iska ta kwanta, muka jera. Ta shimfiɗa kara, ta kife tukwane a kai. Nawa ta sa shi can tsakiya. Manyan randunanta ta jera su ta gabas, inda iska ke bugowa, don duk abin da ke gefen nan shi ke shan wahala. Muka warware jinkar muka lulluɓe tarin da ita. Tsohon shuci ne da ya sha hayaƙin shekaru, baƙi ƙirin. Ta yi bisimilla ta sa wuta.

Ai kuwa ta ci. Wuta ta tashi sama har mutanen gari suka fito kallo, don an daɗe ba a ga irinta ba. Ana cikin haka sai muka ji tas! Wani abu ya fashe a ciki. Na yi tsalle zan nufi wutar, ta cafke mini hannu.

Ta ce, "Tsaya nan. Ba naki ba ne."

Na ce, "Gwaggo, yaya kika sani?"

Ta ce, "Na san muryar ƴaƴana."

Da safe muka zo da dogon sanda muka ture toka. Babbar randarta ce ta gabas ta rabe biyu. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta sa sanda ta zaro nawa. Ja wur, da ɗan baƙin tabo a kafaɗa inda wuta ta lasa. Ta bari ya huce. Sannan ta ce in ƙwanƙwasa da kaina. Na ƙwanƙwasa. Muryar da na ji jiya a tulun jikata, ita ce na ji ran nan.

Na ɗauka na nufi rijiya. Labari ya riga ni zuwa. Matan da ke faɗa a kan layi tun asuba suka buɗa mini hanya. Sabon tulu yana shanye ruwan farko, kowa ya san haka, amma wannan ta tsiyaya mini daga gugarta, waccan ta tsiyaya, har ya daina sha ya riƙe. Muka ɗunguma gidan Gwaggo. Tana zaune kan turmi a ƙofar ɗakinta marar kai, rana na dukan gadonta.

Na durƙusa na tsiyaya a ƙoƙo na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa. Ta dubi tulun sama da ƙasa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta kai baki ta kurɓa.

Ta ce, "Wuyan ya karkace."

Sai ta sake kai baki, ta sha, ta sha, har ruwa na bin haɓarta. Ta miƙo ƙoƙon ta ce in ƙara. Uwata ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Cikin hayaniyar nan Gwaggo ta jawo ni kusa ta ce, "In an tambaye ki, ki ce ni na sha." Ta ɗauko dunƙulen nan da take dandaƙa da shi, wanda uwar ɗakinta ta ba ta, ta sa mini a hannu. Ta juya baya tana murza ido, wai hayaƙi ne. Wutar kuwa ta mutu tun jiya.

Da wata ya tsaya muka tafi. Wasu sun ɗauki tabarmi, wasu ƙwarya, ni tuluna na ɗauka a ka har muka tsallaka iyaka. Ko jaki ban yarda a ɗora masa ba. Can kudu da sauƙi, suna da kara, suna da ɗan hatsi. Na samu bakin wani rafi mai yumɓu na zauna na fara gini. A lokacin ba a cika sayen tukunya da kuɗi a ƙauye ba, cika ta ake yi da hatsi a juye maka, a tafi da ita. Kun ga ke nan babbar tukunya ta fi daɗin sayarwa. Da abin hannuna muka ci tuwo a baƙon wuri. Ubana da ke cewa wasan laka, shi ya koma mai tsinto mini kara.

Ba mu daɗe sosai ba sai labari ya iso cewa an yi ruwa a gida, ruwa na gaske. Muka kwaso da sauri don mu riski shuka. Muna shiga gari ban tsaya gidanmu ba, na ruga gabas. Na tarar da ɗakin Gwaggo yadda muka bar shi, ba kai. Ta kafa ƴar zana da tsohuwar fata a kusurwa ɗaya, nan take raɓewa. Sauran ɗakin kuwa ta jera tukwane baki sama, kowace cike da ruwa fal. Ta rame, amma muryar tana nan.

Ta dube ni ta ce, "Kin yi ƙiba, Uwar gaggawa. Ashe karkataccen wuya ma ana saye."

Mutanen gari na ta cewa soja sun zo da goshi, su suka kawo ruwa. Gwaggo ta ce ƙarya ne, jinkarta ce. Ta ce, "Ruwan ga jira yake in rasa rufi ya zo ya jiƙa ni. Da na san haka ne, da tun shekaran bara na ƙone ta, kowa ya huta."

Shuci ba ya samuwa sai kaka. Ubana ya je da kansa ya ɗauko gadonta ya kawo ɗakin uwata, bai ma tambaye ta ba. Daminar nan tare muka yi ta, tana kushe tukwanenmu ɗaya bayan ɗaya. Da ciyawa ta ƙosa, ubana ya yanko, ya tara maza. Jinkarmu na yoyo, amma tata aka fara ɗaurawa. Ta zagaya ta duba ta ce ta ɗan karkace. Ubana ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Gwaggo ba ta ga farin da ya sake zuwa daga baya ba, a lokacin ma sojan na mulki. Ta rasu ina goyon ɗana na biyu, a ƙarƙashin jinkar nan, ni na riƙe mata ƙoƙon ruwa na ƙarshe. A wancan fari na biyu ni ke da yara a gabana suna taka yumɓu. Na sha wa mata da yawa tulu, daga nan har wajen Mayahi. Ku tambaya, za a gaya muku. Ban taɓa ce wa ko ɗaya ya yi kyau ba.

Yanzu duniya ta sake. Bido, jarkar nan ta roba, ya kori tulu daga hanyar rijiya, yara na ɗora shi a amalanke ko a bayan moto. Ɗakuna sun koma kwano, ba jinkar da za a sauke. Ba a ɓoye yaro a randa, iyaye ne ma ke bin mushe suna roƙo a rubuta. Ni ma idona ya yi rauni, hannuna na rawa, dunƙulen Gwaggo na ƙarƙashin gadona. Amma in zafi ya yi zafi, masu firigo ma tulu suke nema.

Abin da ya sa na ce a ɗauko bik shi ne, jikar nan tawa ta daɗe tana yi mini ƙorafi wai madam ɗinsu ta lakwal ba ta son ta. Wai kullum sai ta ja mata jan bik a kaye, littafin rubutunta, ta tsare ta bayan an tashi ta sa ta sake, ba ta taɓa cewa ta yi ƙoƙari ba. Na tambaye ta, in an tashi ita madam ɗin ba ta da gida ne, ba ta da tukunya a murhu? Ta sunkuyar da kai. Yanzu ma da take rubuta wannan ta ƙi ɗago ido ta dube ni.

Jiya dai na sa ta wanke sabon tulun ta cika shi. Da ya yi sanyi ta kawo mini a moɗa. Ƙamshin nan na nan, na ƙasa in an yi yayyafin farko. Na kurɓa na ce wuyan ya karkace.

Ta ce, "Kai, Kaka! Ke dai ba ki taɓa yabon komai."

Na miƙa mata moɗar na ce ta ƙaro.